Kafin ɗanku mai lalura ya cika shekara 26 a Amurka

A gida, ɗa mai lalura yana hannun iyayensa har ya yi furfura, ba mai tambayar shekarunsa. A Amurka kuwa kamfanin inshora da ranar haihuwa yake aiki. Dokar lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da Obamacare, ta ba iyaye damar riƙe 'ya'yansu cikin inshorarsu har shekara 26. Daga nan sai a cire sunansa, ko da kuwa sikila ce ke kwantar da shi a asibiti duk wata.

Akwai mafita, amma ba wanda zai kawo muku ita har gida. Yawancin inshorar wurin aiki tana barin yaro ya ci gaba bayan 26, muddin lalurar ta same shi tun kafin nan, ba ya iya aikin da zai riƙe kansa, kuma ku ne ke ɗawainiya da shi. Ku je ofishin kula da ma'aikata a wurin aikinku wata uku ko huɗu kafin ranar haihuwarsa, ku nemi fom ɗin, likitansa ya cike ya sa hannu. A jihohi da yawa kwana 31 kacal ake bayarwa bayan ya kai shekarun. Wanda ya makara zai sha wuya kafin a mayar da sunan.

Abin da ya fi damuna shi ne takardu. Hujjar da ake nema ita ce yaushe lalurar ta fara, mu kuwa katin asibiti da sakamakon gwaji sukan tsaya a Kano ko Zinder, cikin tsohuwar jakar leda a ƙasan akwati. Ku sa a ɗauko, a aiko muku. In da Faransanci aka rubuta, a fassara. Sannan ku ajiye kunya gefe a gaban likita. Mun saba da cewa "da sauƙi, Alhamdulillahi", amma in kun faɗa masa haka, haka zai rubuta. Ku faɗi gaskiya: ba ya iya wanka shi kaɗai, ba ya iya ƙirga kuɗi.

Kada ku dogara da inshorar aiki kaɗai, domin aiki na iya ƙarewa. Da zarar yaro ya kai 18, hukumar Social Security tana daina lissafa kuɗin iyaye wajen tallafin SSI, kuɗin da gwamnati ke ba masu lalura marasa ƙarfi, wanda a yawancin jihohi yake zuwa tare da Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi. Sai dai mai girin kad, wato katin zaman dindindin, yakan jira shekara 5 kafin Medicaid, sharuɗɗan SSI kuma sun fi tsauri ga wanda ba ɗan ƙasa ba. In an samu SSI, a kula: dukiyar yaron kada ta wuce dala 2,000. Goron sallah da 'yan uwa ke turawa asusunsa na iya jawo a dakatar. Asusun ABLE, asusu na musamman na masu lalura, shi aka tanada domin irin wannan ajiya.

Maganar aure ma ku yi tambaya tukuna, don aure yakan soke wasu haƙƙoƙin nan. In kuma an riga an cire shi daga inshorar aikinku, dokar COBRA tana barin ku ci gaba da biya masa ita da kanku har wata 36, ga kuma kwana 60 na sayen sabuwar inshora a kasuwar gwamnati.