Yadda nake haɗa kayan tafiya gida da ƙananan yara

Shekarar da na fara zuwa sallah garin su maigida da goyo akwati 2 na cika har da Ghana-must-go ɗaya, amma wallahi ko Tafa ba mu kai ba yarinya ta wanke ni da amai tun daga wuya har cinya, kuma duk abin da zan canza yana can ƙasan but an danne shi da buhun shinkafar tsaraba. Baban yara ya kalle ni na kalle shi, waye zai sauke but a bakin titi? Haka na isa Kazaure cikin leshi mai ƙarnin madara, dangin miji sun fito tarba ana ta rungume ni ina ta noƙewa. Daga ranar na ɗauka cewa duk kayan da ya shiga but to babu shi sai an isa.

Yanzu yarana 3, babban shekara 6, mai bi masa 3, sai auta wata 8. Daga Abuja zuwa Kano kaɗai kilomita 400 ne da ɗoriya, ga Kaduna ga Zariya ga Kwanar Dangora, kafin kuma a ɗauki hanyar Dambatta a shiga Kazaure, in aka haɗu da gosulo ko inda ake aikin titi to yini guda ne cur a mota. Don haka ni da jakar hannu nake fara shiri, akwati daga baya.

Jakar nan wadda za ki ajiye a ƙafarki ce, ki samu mai faɗin baki wadda za ki iya zura hannu ɗaya ki lalubo abu, don ɗaya hannun yana riƙe da mutum. A ciki kowane yaro kaya kala 1 na canji cikakke har da wandon ciki, jariri kuma kala 2 ko 3 don shi ba ya da alƙawari. Famfas ina lissafa 1 duk awa 3 na tafiya sai in ƙara 2 a kai. Tishu mai danshi, ɗan tawul, sabulu a ƙaramin kwano, da ledoji baƙaƙe kamar 10, kar ki raina leda 'yar uwa, ita ce ta amai, ita ce ta famfas da aka cire, ita ce ta kayan da suka ɓaci. Sai zani 1 na atamfa wanda ya sha wanki ya yi laushi, wannan zanin shimfiɗa ne in za a canza wa yaro a gidan mai, labule ne in rana ta bugo ta taga, bargo ne in sun yi barci, abin goyo ne in an sauka. Sannan naki canjin, doguwar riga mara nauyi da hijabi, ki naɗe su ki sa a leda daban ki ƙulle don su ne na sallah a hanya, kin san dai mai goyo da fitsarin yara, ba kya son a tsaya Zariya kowa ya yi sallah ke kina neman abin da yake da tsarki.

In kina da mai koyon zaman fo to fo ɗin ma ya zauna cikin mota ƙarƙashin kujera, da buta da ruwa a jarka ƙarama. Yaro ɗan shekara 3 in ya ce kashi to yanzu yake nufi, ba ya san a bari mu kai Jaji ba.

To mu zo kan kayanki ke uwa, nan ne muka fi cutar kanmu. Sai ki ga mace ta kwana 3 tana haɗa na yara, nata kuma sai daren tafiya ta kwaso duk abin da ta ɗinka bana ta tura, a je can ta rasa na sawa alhali akwati cike yake. Ni tambaya 2 nake yi wa kowace riga kafin ta shiga: zan iya shayarwa da ke ba tare da na tuɓe rabin jiki ba, kuma zan iya goyo a kanki? Wadda ta faɗi ɗaya ta zauna gida ta jira a yaye. Doguwar riga mai zif a baya kyakkyawa ce a hoto amma a ɗakin da ke cike da surukai jariri na tsala ihu za ki tsani telanki. Riga da zani ko riga da siket sun fi, ko doguwar rigar da aka sa wa zif a gaba, teloli da yawa yanzu suna ɓoye zif a ƙirji in kin ce ta mai shayarwa kike so. Yadi mai santsi goyo zamewa yake a kai kina tafiya kina gyarawa, leshi mai duwatsu kuma yana kartar fuskar jariri in ya kwanta a kafaɗa, shadda ko da kin zauna minti 10 ta yamutse. Ranar hanya atamfa ce ko abaya ta auduga mai duhun kala, wadda in miya ta zuba ba za ta tona asiri ba, da takalmi mara tudu. Farin kaya da mota da yara ba sa haɗuwa, ban san me ya sa mazan nan ba sa jin wannan maganar ba, farar shadda zai sa ya kama sitiyari sannan ya miƙa wa yaro lemo.

In kwana 5 za mu yi, na fita kala 3 nake ɗauka, na ranar sallah, na washegari da ake zagaya gaishe-gaishe, sai 1 na ko-ta-kwana ko za a ce ana suna ko walima a maƙwabta. Na zaman gida kuma dogayen riguna 3 marasa nauyi don a gidan surukai za ki shiga kicin ko ba a ce ki shiga ba, kuma kicin ɗin itace ne, hayaƙi zai kama kaya. Dabarar rage kaya tana wajen mayafi da takalmi: ki zaɓi kayan da mayafi 2 za su hau dukkansu, baƙi ko ruwan zuma ko ruwan toka, takalmin fita 1, silifas 1, jaka 1. In biki ne akwai anko to anko ɗin ya cinye gurbin kala ɗaya, ba ƙari ba ne. Rigar nono ta masu shayarwa ki ɗau 3 ko 4 don shanya irin wannan a tsakar gidan da ƙannen miji ke wucewa sai da dabara. Sarƙa da ɗan kunne na gwal in ba dole ba ki bar su, in dole ne to suna jikinki ko jakar hannu, ba akwatin da za a ajiye a ɗakin da kowa ke shiga ba.

Kitso da lalle ki gama kwana 2 kafin tafiya, ke da 'yan matan. Kitso ƙanana wanda zai kai ku dawowa. Yarinyar da aka yi wa kitso daren tafiya kanta na zafi, kuka za ta yi miki har Kaduna.

Na yara kuwa abin da ya cece ni shi ne ɗaurin rana-rana. Maimakon in jera riguna gefe wanduna gefe, sai in haɗa kayan yaro na rana guda, riga, wando, singileti, wandon ciki, safa, har ribom ko hula, in naɗe su kamar tabarma in sa a leda fara in rubuta suna da rana da biro a takarda in jefa ciki. Amfaninsa da safe ko wace ƙanwar miji ce ta ce kawo in shirya miki su, leda kawai za ki miƙa mata, ba sai an zazzage akwati a tsakar ɗaki ba. Lissafina kala 2 a rana ga mai gudu, na safe da na bayan wankan yamma, amma ba na ninka wa da kwanakin duka, na kwana 3 nake ɗauka sai in tafi da sabulun wanki da 'yar igiya, a zafin arewa kayan yara awa 2 sun bushe. Kuma don Allah kar ki kai su ƙauye da kaya masu tsada zalla, za su bi 'yan uwansu su shiga turken awaki su hau katanga su yi birgima a ƙasa, ke kuma ki yini kina tsawa ana cewa matar birni ta hana yara sakewa. Gwanjo masu kyau ko tsofaffin kayan gida su ne na wasa, in za ki dawo ma ki bar wa na can waɗanda suka matse.

Kayan sallah a gwada su tun mako 1 kafin tafiya, musamman takalmi. Sabon takalmi yana cin ƙafa, a sa masa ya yi yawo da shi a gida kwana 2 da safa. In za ku je kallon hawa ko filin idi, kala mai haske nake sa musu wadda zan hango daga nesa, in rubuta lambar wayata da ta babansu a takarda in sa a aljihun babban, ƙaramar kuma in maƙala mata da fil daga cikin riga.

Ki duba lokaci kuma, don sallah tana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, abin da ya yi miki shekara 5 da suka wuce ba lallai ya yi yanzu ba. A 'yan shekarun nan ƙaramar sallah a Maris take faɗowa, zafi na shigowa da ƙarfinsa, auduga mara nauyi kawai da hodar ƙuraje. Babbar sallah kuma ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, bakin damina, sauro ya fara fitowa wanki kuma ba tabbas. In hutun Disamba ne na bukukuwa to hunturu ne sosai, wanda ya saba da Abuja ko Legas ba zai gane sanyin asubar Kazaure ko Daura ba sai ya ji a jikinsa, suwaita, hular sanyi, safa mai kauri, dogon wando na barci, da man kaɗanya ko basilin don leɓe da ƙafa, in ba haka ba kwana 2 yara sun yi furu-furu. In jirgin ƙasa za ku bi daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa ku ɗau suwaita ko da watan Afrilu ne, sanyin esi na iya damun jariri. Masu jirgin sama kuma jakar hannu yawanci kilo 7 ake bari, ki auna tun a gida.

Gidan sauro ki tafi da naki kowane lokaci ne, da ƙusa 4 da igiya, ba a san yadda ɗakin da za a ba ku yake ba.

Magani ɗan ƙaramin kwano mai murfi ya isa. Farasitamol na ruwa da cokalin awonsa, ma'aunin zafin jiki, filasta, ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, kamar leda 4 da zinc don canjin ruwa na kawo gudawa. ORS leda 1 a lita 1 ta ruwa mai tsafta ake haɗawa, wanda ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. In akwai mai asma ko sikila maganinsa na jakar hannu, ki ƙara na kwana 3 a kan lissafi ko tafiya za ta ƙara tsawo. Katin rigakafi da na asibiti ki ɗauke su hoto a waya. Zazzaɓi kuma in ya zo a can a je a yi gwaji, kar a biye wa kowa ya kawo nasa jiƙon, a nan kam sai kin ɗan yi taurin kai cikin ladabi, "to Inna bari a fara gwadawa tukun" ta wadatar.

Abincin hanya busasshe ya fi, dabino, cincin, biskit, gurasa, dambun nama, dafaffen ƙwai, ayaba. Kunu a filas don mai shan kunu. Mai amai a mota kar a cika masa ciki da shayi mai madara da asuba, ɗan abu kaɗan, ya zauna inda yake ganin gaba iska na shigowa, kuma kar a ba shi waya ya duƙufa, ita ke tayar da zuciyar. In jariri na shan madarar gwangwani ki tafi da tafasasshen ruwa a filas daban ki dinga haɗawa lokacin da zai sha, wadda aka haɗa ta zauna a zafin mota ta wuce awa 2 ba ta shayuwa. Wanda bai kai wata 6 ba nono ya ishe shi, ke ce za ki yi ta shan ruwa. Yara a kujerar baya, ba cinyar mai zaman gaba ba, kuma in an tsaya sallah ko shan mai ba a barin yaro a rufaffiyar mota ko barci yake.

Daren tafiya ina cajin waya da fawa bank da tocila, in goge na sallah tun a gida in sa a saman akwati don can ba lallai a samu wuta ba, dutsen guga na gawayi kuma ya taɓa huda min mayafi. Yara in yi musu wanka da dare su kwana da kayan hanya, da asuba ɗauka kawai zuwa mota. Wajen lodi ki tsaya a kan maigida, tsaraba da buhuna su fara shiga, akwatin yara ya zama na ƙarshe a bakin but.

Sai ki ninke Ghana-must-go 1 babu komai ki sa a ƙasan akwati, na dawowa ne. Rabinta kayan datti, rabi kuma abin da Hajiya za ta haɗo ku da shi, don ba za ta bari ku taho haka ba, kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya, gero, wani lokacin har da zabbi a kwali. Daddawa leda 2 za ki yi mata in ba so kike abayarki ta yi wata guda tana ƙamshin miya ba. Man shanu kuma ki juye shi a roba mai murfin murɗawa ki tsayar da shi a ƙafarki, na kwalbar da ake toshewa da leda ya taɓa narkewa a but ya bi ta cikin kayan makarantar babban, har aka koma makaranta 'yan ajinsu na tambayarsa ko tuwo ya zo da shi.