Yadda Ake Fito da Launi Mai Kyau a Bugun Dijital kan Yadin Ulu

Ulu gashin tunkiya ne, kuma kowane sili yana lulluɓe da 'yan ɓamɓaroki masu maiƙo da ke korar ruwa. Shi ya sa ja zai yi jawur a fuskar kwamfuta, amma ya fito a yadi kamar an shekara ana shanya shi a rana.

Da farko a wanke yadin a cire maiƙon. Tun da ulu ba fari fat ba ne, a haskaka shi da sinadarin haidurojin feroksayid, in ba haka ba shuɗi mai haske zai karkata zuwa kore. A kuma aske gashin da ya miƙe a fuskar yadin, don yana gogar bakin injin bugun da ke fesa tawada a kan yadi, sai ka ga layi-layi a zane.

Daga nan sai tausasa ɓamɓarokin. An daɗe ana yi da kulorin, amma yana gurɓata ruwan da ake zubarwa, don haka wasu suka koma amfani da enzayim, wato sinadaran da ake samu daga halittu masu rai.

Mataki na gaba shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali nan aikin yake: shafa wa yadin haɗin share fage kafin bugu. Ana sa mai kauri, kamar aljinet da ake samu daga ciyawar teku, don kada tawada ta malale ta ɓata gefen zane. Ana sa yuriya don ta riƙe danshi lokacin turarawa, sai ɗan asid kamar sitirik, irin wanda ke cikin lemun tsami. Ka yi hattara da soda, tana cinye ulu. A busar da yadin ba tare da zafi mai yawa ba.

Tawadar rinin asid, wato rinin da ke kama ulu da taimakon asid, ita ce ta fi ba ulu haske. Kafin babban aiki, buga ƙyallen gwaji a kan wannan yadin dai, ka turara shi, ka wanke, sannan ka daidaita launukan injin da abin da ya fito. Ɗanyen bugu ruɗi ne, launinsa ba ya nuna gaskiya.

Bayan bugu, a turara a kan digiri 100 zuwa 102 na ma'aunin Salsiyas, na minti 30 zuwa 45. In ya gaza, rini ba zai kama ba. In ya zarce, farin wurin da ba a buga ba zai yi ɗorawa.

A ɗauraye da ruwan sanyi tukuna, sannan mai ɗumi da sabulu marar kaifi. Ban da cuɗawa da ƙarfi, don ulu yana dunƙulewa ya tsuke, kuma ba ya komawa yadda yake.