Babi na Bakwai: Ƙungiyar Masana Abinci da Yadda Ake Gane Masani na Gaskiya

Wannan babi na ɗaliban da suka riga suka iya haɗa baƙaƙe su karanta gajeriyar jimla ne. A karanta kowane darasi a hankali, da murya a buɗe, kuma wanda wata kalma ta tsaya masa ya ɗaga hannu ya tambaya, domin babu kunya a cikin neman sani, ko da mai tambayar ya haifi malamin ajin. Kowa ya ajiye littafinsa na rubutu da fensir a kusa.

Darasi na 1: Su wane ne masana abinci?

A cikin ma'aikatan lafiya akwai waɗanda karatunsu duka a kan abinci yake. Mutanen gari sukan kira su likitocin abinci, amma kashi biyu ne, kuma ya kamata ku san kowanne da aikinsa.

Na farko shi ne masanin abinci mai gina jiki. Aikinsa ya fi yawa a cikin jama'a: a ɗakin awon ciki, a wurin rigakafin yara, a makarantu, da ma'aikatun gwamnati masu tsara shirye-shiryen yaƙi da tamowa. Shi ne zai gaya wa mai jego ta shayar da jaririnta nono zalla har wata 6, ba tare da ruwa ko kunu ba, sannan ya nuna mata yadda za ta haɗa gero da waken suya da gyaɗa ta dama wa yaron kunu idan ya wuce wannan lokaci.

Na biyu shi ne mai tsara abincin marasa lafiya. Shi a asibiti ake samunsa, musamman manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan Sakkwato, kuma galibi likita ne yake tura majinyaci wurinsa. Bayan karatun digiri, yakan yi shekara guda yana koyon aiki a asibiti a ƙarƙashin manyansa. Idan mutum yana da ciwon suga, ko hawan jini, ko ciwon ƙoda, shi ne zai zauna da shi ya auna masa abin da zai ci, da yawansa, da lokacin cinsa, gwargwadon ciwonsa da ƙarfin aljihunsa.

Mai yawo da mota da lasifika yana sayar da garin ƙiba ko shayin rage tumbi ba ya cikin waɗannan biyu, ko da ya sa farar riga. Ku rubuta wannan jimla a littafinku sau biyu: Farar riga ba shaidar karatu ba ce.

Darasi na 2: Mene ne aikin ƙungiyarsu?

Kowa a nan ya san yadda mahauta suke da Sarkin Fawa, wanda ya san ɗan sana'a na asali, ya san baƙo, yake tsawata wa wanda ya kawo naman da bai halatta ba, kuma yake magana da yawunsu a gaban hukuma. To, masana abinci su ma suna da ƙungiyoyinsu na ƙasa baki ɗaya masu yin irin wannan aiki. Akwai Ƙungiyar Masana Abinci Mai Gina Jiki ta Najeriya, wadda ake taƙaita sunanta da NSN, an kafa ta a shekarar 1963 a Jami'ar Ibadan, kuma tana da rassa a jihohi. Akwai kuma ƙungiyar masu tsara abincin marasa lafiya, wadda ake taƙaita sunanta da DAN. Ku kwafi waɗannan haruffa da manyan baƙaƙe: NSN, DAN. Ku nuna wa na kusa da ku, ya karanta muku.

Ƙungiya irin wannan tana duba takardun karatun mutum kafin ta karɓe shi a matsayin cikakken ɗan ƙungiya, tana kuma da ƙa'idojin da ta gindaya wa 'ya'yanta game da gaskiya da riƙon amanar majinyaci. Tana tara su taro kowace shekara domin wanda ya gama makaranta da daɗewa ya ji sabon abin da bincike ya gano, kuma NSN tana buga mujallar da ake wallafa irin wannan bincike. Aikinta da ya fi shafar tukunyarku kai tsaye shi ne bai wa gwamnati shawara. Tun 1993 doka ta wajabta sa sinadarin aidin a cikin gishirin da ake sayarwa a Najeriya domin maganin maƙoƙo, kuma tun 2002 aka wajabta ƙara bitamin A a cikin fulawa da sukari da man girki na kamfani. Irin waɗannan dokoki daga binciken masana da nacinsu suke tasowa, duk da yake wanda ya sayi gishirin ba ya ganin fuskar kowa daga cikinsu.

Mu a Sakkwato mun fi kowa buƙatar a ji maganar waɗannan masana. A garin nan ne Asibitin Noma yake, wanda aka buɗe a 1999 domin yaran da ciwon noma ya ci musu baki da kumatu, ciwon da ya fi kama yaron da tamowa ta riga ta raunana. Sai a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Yanzu ku lura da abin da ƙungiya ba ta yi, domin a nan ɗalibai da yawa suke ruɗewa. Ƙungiya ba asibiti ba ce, ba a kai mata mara lafiya. Ba ta sayar da magani, ba ta aiko kowa gida-gida ya karɓi kuɗin rajista daga hannun talakawa. Hukumar da take yi wa abinci da magani rajista kuwa ita ce NAFDAC, wadda ta gwamnati ce, ƙungiya kuma ta 'yan sana'a ce.

Darasi na 3: Tambaya da tabbatarwa

Wannan shi ne darasin da ya fi kowanne muhimmanci a babin nan, kuma za mu daɗe a kansa.

Idan wani ya zo muku ya ce shi masanin abinci ne, ku gaishe shi da mutunci, sannan ku yi masa tambaya uku. A ina ka yi karatu? A wane asibiti ko ofis kake aiki? Kana cikin wace ƙungiya? Ku fitar da littafinku a gabansa ku rubuta amsoshin, ko da rubutun zai ɗauke ku lokaci, ko da hannu yana rawa. Masani na gaskiya ba ya jin haushin wannan, ya ma fi son haka. Wanda ya fara cewa, "Haba Hajiya, ba ki yarda da ni ba ne?" ko ya ce yana sauri, to ku ƙara lura da shi.

Bayan tambaya sai tabbatarwa, kuma a nan ake faɗuwa. Na sha gani a aji, ɗalibi ya yi tambayoyin nan uku tsaf babu kuskure, amma da an miƙa masa kati mai hoto da hatimi, sai ya sunkuyar da kai ya ce ya gamsu, alhali ko sunan da ke jikin katin bai karanta ba. Kati abu ne da kowane shagon buga takardu zai iya yi. Saboda haka idan an ba ku kati, ku riƙe shi da hannunku, ku karanta sunan harafi bayan harafi, ku dubi hoton ku dubi fuskar mai shi, ku kwafi sunan a littafinku, ku mayar masa da katinsa. Har yanzu ba ku tabbatar ba. Karanta kati kawai kuka yi.

Tabbatarwa ita ce ku tafi wurin da ya ce yana aiki, ko ku aiki ɗanku ko ƙaninku, a tambayi ma'aikatan wurin ko sun san mai wannan suna. Idan wurin ya yi nisa, ku je asibitin unguwarku ku nuna wa jami'in lafiya sunan da kuka rubuta, ku roƙe shi ya bincika muku, domin su suna da hanyar tuntuɓar reshen ƙungiya da sauran abokan aikinsu. Kafin amsa ta dawo, kada ku ba da kuɗi, kada ku sha abin da aka ba ku, kada ku ba yaro.

Mu sake. Wane mataki ne ya biyo bayan tambaya? Tabbatarwa. A ina ake tabbatarwa? A asibiti ko ofishin da ya ambata, ba a bakinsa ba. Idan abokin tafiyarsa ya rantse cewa shi likita ne, an tabbatar? Ba a tabbatar ba. Idan ya nuna hotonsa a waya yana tsaye a ƙofar asibiti, an tabbatar? Ba a tabbatar ba, kowa yana iya tsayawa a ƙofar asibiti. Idan maƙwabciya ta ce ita ma ta saya, an tabbatar? Ba a tabbatar ba. Madalla da waɗanda suka amsa daidai, wanda bai amsa daidai ba kuma kada ya karaya, mu koma tare.

Aikin aji: ku tashi biyu-biyu, maza da maza, mata da mata. Ɗaya ya zama baƙo mai kati, ɗaya ya zama mai gida. Mai gida zai ce, "Sannu da zuwa Malam, don Allah a wane asibiti kake aiki?" Baƙo ya amsa ya miƙa kati. Mai gida ya karanta, ya rubuta, sannan ya ce, "Na gode Malam, zan bincika, in Allah ya yarda ka dawo jibi." Ku maimaita wannan jimla ta ƙarshe har sai ta zauna a harshenku, domin ita ce ake kasa faɗa idan baƙo ya iya zaƙin baki.

Dole in faɗa muku gaskiya a nan, iyayena da yayyena. Wasunku sun yi wannan aiki a aji sun ci, amma da suka koma gida sai suka sayi garin da ba su san mai shi ba, wai don suna jin nauyin baƙo. Wannan ba kunya ba ce, sakaci ne. Mutum zai yi ciniki rabin sa'a a kan tiyar gero a Tsohuwar Kasuwa, ya buɗe buhu ya duba ƙasa, amma a kan abin da zai shiga cikin jikansa sai ya kasa cewa a dawo jibi! Mafi muni shi ne mai ciwon suga da ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa saboda wani ya ce garinsa ya wadatar. Babu masanin abinci na gaskiya da zai ce ku bar maganin likita ba tare da sanin likitan ba. Duk wanda ya faɗi haka, ba sai kun wahalar da kanku da bincike ba.

Ku rubuta sau biyar: Na tambaya, na rubuta, na tabbatar. Wanda ya rubuta sau uku ya tsaya, ya cika sauran kafin a tashi.

Darasi na 4: Ranar zuwa wurin masani

Ku tafi da takardar da likita ya ba ku, da katin asibiti, da duk maganin da kuke sha a cikin kwalinsa. Za a tambaye ku abin da kuka ci jiya tun daga karin kumallo har kwanciya, to ku faɗi gaskiya: idan fura da sukari kuka sha, ku ce da sukari, idan ɗunƙule huɗu aka sa a miya, ku ce huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi guda, kuma ɗunƙule ma gishiri ne.

Idan yaro ne ɗan wata 6 zuwa ƙasa da shekara 5, za a auna damtsensa da wani tef mai launi uku. Kore lafiya, rawaya a kula, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Abincin gyaɗa na leda da ake bayarwa a wannan hali magani ne na yaron shi kaɗai, ba a raba wa yayyensa, ba a kai shi kasuwa. Kafin ku fito, ku tambayi sunan wanda ya duba ku, ku rubuta.

Darasi na 5: Karanta jikin kwali

Ku nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A jikin fulawa da sukari da man girki ku nemi hoton ido, alamar bitamin A ce. Lambar NAFDAC tana magana ne a kan abin da ke cikin kwalin, ba ta tabbatar da cewa mai sayarwa masani ne ba. Kowa ya zo da kwali ko leda guda daga gida a darasi na gaba.

Darasi na 6: Ranakun wayar da kai

Makon shayar da nono na duniya daga 1 zuwa 7 ga Agusta ne, ranar abinci ta duniya kuma 16 ga Oktoba. A irin waɗannan ranaku masana sukan yi bayani a rediyo, sai ku saurara. Ku kwafi ranakun a littafinku, sannan ku sake karanta darasi na 3.