Yadda za ka yi nazarin fim a fada

Da farko ku kalli fim ɗin har ƙarshe, ba tsayawa, ba gardama. Sharhi sai an ɗora shayi na biyu.

Sannan ka tantance irinsa: na soyayya ne, na barkwanci ko na tarihi? Wannan ba ya ɗaukar lokaci.

Mataki na uku shi ne babban aiki, wato gano hannun darakta. Zaɓi fitowa guda, ka kashe sauti, ka maimaita ta sau uku. Ina aka kafa kyamara? Fuskar wa aka matso, wa aka bari a bakin zaure? Yanzu maido da sauti, ka lura inda kiɗa ya shigo da inda aka yi shiru. Misali, darakta Mustafa Alasan, wanda ya zauna nan Tahoua, da fim ɗin zanen kwaɗi ya yi wa masu mulki hannunka-mai-sanda a 1966. Wannan shi ake kira salo.

Daga nan ka tambayi abin da fim ɗin ke faɗi game da mu: auren dole, kishi, tafiyar samari cirani. Muryar wa aka ji, ta wa aka danne? Ni wannan tambayar ta fi damuna.

Rubuta ra'ayinka da hujja daga fitowar da ka nazarta.