In tsohonku ya shiga ciwon damuwa: yadda ake bin maganin maganaɗisu

Jama'ar Damagaram don Allah mu bar cewa "ai tsufa ne" duk sadda Baba ya daina fita zaure, ko Inna ta bar furarta ta tsinke cikin ƙwarya tana ta kallon bango. Sau da yawa ciwon damuwa ne, kuma yana da magani.

Da farko ku kai su wurin likitan ƙwaƙwalwa, ku kwashi duk ordinas ɗin da suke sha, na tansiyo da na suga har na gargajiya, kar ku ɓoye ko ɗaya. Da ƙwayoyi ake farawa. In an sha wata da watanni shiru, ko suna sa tsoho jiri yana faɗuwa, to nan ne za ku tambayi zancen TMS, wato maganin maganaɗisu, inda ake amfani da wata na'ura a motsa ƙwaƙwalwa da ƙarfin maganaɗisu. Amurka ta amince da shi tun 2008. Ba kowace likita ke da na'urar ba, shi doktan zai faɗa maku inda za a nufa, ku shirya guzuri don abin yana cin lokaci, kwana 5 a sati har sati 4 zuwa 6.

Ku kwantar masu da hankali tun daga gida, wallahi ba shokin lantarki ba ne da mutane ke tsoro, ba a sa barci, ba allura, zaune mutum yake ido biyu a ɗora masa wani faifai ta gaban kai wajen hagu, yana ƙas ƙas ƙas kamar ana ƙwanƙwasa kai da yatsa, minti 20 zuwa 40 a tashi. Ranar farko za ku ga babban yatsansa na motsi da kansa, kar ku firgita, ƙarfin da ya dace da shi ake aunawa. A toshe masa kunne saboda ƙarar.

Abin da na fi so gare shi ga tsofaffi, ba ya ɓata tunani ya ƙara masu mantuwa. Ciwon kai kaɗan dai kan zo ya wuce.

Amma fa in akwai ƙarfe cikin kai, ko batirin zuciya, ko an taɓa farfaɗiya, ku faɗa tun kafin a fara. Kuma kar ku tsai da ƙwayoyin da kanku. Sauƙi yakan fara bayyana bayan sati 2 ko 3, wasu ma sai gaba, don haka a samu jika guda mai haƙuri da zai dinga riƙe hannun Inna zuwa kowane randebu ko ta ce ta gaji.