Yadda Ake Gano Dalilin da Ya Sa Mota Take Wahalar Tashi

Da yawa daga cikin masu mota, da zarar ta fara gardamar tashi da safe sai su ce batir ne, su tafi kasuwa su sayo sabo. Bayan mako biyu matsalar ta dawo, kuɗi kuma sun tafi. Alhali motar da kanta tana faɗa maka inda ciwon yake, in dai ka saurare ta. Don haka kafin ka kira bakanike, kashe rediyo da iyakwandishan, ka murɗa makulli, ka kasa kunne.

Mataki na farko: me ka ji?

Abu uku ne za su iya faruwa. Ko dai ka ji shiru, ko ƙas-ƙas-ƙas kawai. Ko injin ya juya da nauyi kamar ana jan sa da ƙyar. Ko kuma ya juya garau da sauri amma ya ƙi kamawa. Biyun farko maganar wuta ce: batir, kawunansa, ko kikistata, wato na'urar da ke juya injin idan ka murɗa makulli. Na ukun kuwa batir ba shi da laifi, sai a nemi matsalar a wajen mai, fulogi ko sansa, wato ƙaramar na'urar da ke aika wa kwamfutar mota bayani. Wannan rarrabewar ita ce rabin aikin.

Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a lokaci guda. Ka huta kamar rabin minti kafin ka sake, in ba haka ba kikistata za ta yi zafi ta ƙone.

Mataki na biyu: in bai juya ba, ko ya juya da nauyi

Kunna fitilun gaba, ka sa wani ya tsaya yana kallo yayin da kake murɗa makulli. In hasken ya dusashe sosai, batir ya yi rauni ko wuta ba ta wucewa yadda ya kamata. In hasken bai canza ba amma injin bai motsa ba, zargi ya koma kan kikistata, fis ɗinta, ko makullin kansa. In motar otomatik ce, taka birki ka mayar da giya N ka gwada. Wani lokaci maɓallin da ke gane cewa giya tana P ne ya gaji.

Buɗe bonet ka girgiza kawunan batir da hannu. Kan da yake motsi, ko wanda farin gari ko kore ya taru a kansa, ya isa ya hana mota tashi ko da batirin sabo ne. Cire na baƙi (−) tukuna, sannan na ja (+), ka wanke da ruwan zafi, ka goge, ka mayar da na ja kafin na baƙi, ka ɗaure tamau. Duba kuma wayar da ta tashi daga kan baƙi zuwa jikin mota. Tsatsa a nan tana ruɗa mutane ƙwarai.

In kana da mitar awon wuta, wadda ba ta da tsada kuma kowane mai wayarin yana da ita, ga abin da za ka nema. Batir mai cikakken caji, bayan mota ta kwana, yana nuna kusan volt 12.6. In ya sauko 12.2, rabin caji ya rage. Lokacin da ake tayarwa bai kamata ya faɗo ƙasa da 9.6 ba. Bayan injin ya tashi kuwa, a ga tsakanin 13.5 da 14.7. In ya tsaya a 12 da ɗoriya injin yana aiki, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ba ta caji, kuma sabon batirin da za ka saya haka za ta cinye shi. A nan ne mutane suka fi yin asara.

Mu a nan zafin bazara ne ke lalata batir, domin yana ƙafar da ruwan cikinsa, sai sanyin hunturu ya zo ya tona asirin. Shi ya sa gardamar ta fi yawa da asubahin Disamba da Janairu.

Mataki na uku: yana juyawa amma ya ƙi kamawa

Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kunnuwa, kada ka tayar. A yawancin motocin fetur za ka ji ɗan gurnani daga wajen tanki na daƙiƙa biyu ko uku. Famfon mai ke nan. In shiru, duba fis da rilensa kafin ka yarda a sauke tanki. In kuma sai ka kunna ka kashe sau biyu ko uku kafin motar ta tashi, mai yana komawa tanki in ta kwana, alamar famfon ya fara gajiya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, da yawa muna yawo da geji a ƙasa, kuma man da ke tanki shi ke sanyaya famfon. Ina roƙon ka, in da hali kada ya sauka ƙasa da kwata. Ka kuma tambayi kanka inda ka sha mai na ƙarshe. Man jarka da aka gauraya da ruwa ko kananzir yana jawo irin wannan.

Kalli dashbod. In fitilar hoton makulli tana ƙyaftawa da sauri, motar ba ta gane makullin ba, gwada na ajiya. In kuma motar tana tashi lafiya da safe amma ta ƙi bayan ta yi zafi, sai ta huce, sau da yawa sansar kiranshaf ce, wato wadda ke lura da juyawar injin.

In ka ji warin fetur bayan gwaji da yawa, mai ya jiƙa fulogi. Taka totur har ƙasa ka riƙe, ka tayar. A motoci masu injekta da dama wannan yana tsayar da man har injin ya bushe. Tsofaffin fulogi da matatar iska da ƙura ta toshe su ma suna sa jinkiri. Masu motar dizal, ku jira fitilar hita ta mutu kafin ku tayar.

Mataki na huɗu: wajen bakanike

Faɗa masa abin da ka ji, da lokacin da take yi, da sanyi ko da zafi. Ka nemi a sa mata na'urar bincike kafin a kwance komai. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da wurin jona ta, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Lamba P0335, alal misali, tana nuni ga layin sansar kiranshaf, amma waya ce ko sansar, sai an auna. Duk kayan da aka ce a canza, ka ce a gwada shi a gabanka tukuna, kuma ka karɓi tsohon.