Kafin ka shiga makarantun New York da rikoda

Idan ka zo Amurka karatun digiri na biyu ko na uku, kuma bincikenka a kan 'ya'yan baƙi ne a makarantun gwamnati na birnin New York, ka sani tun wuri cewa izini ba ɗaya ba ne. Akwai kwamitin IRB na jami'arka, mai tantance duk binciken da ya shafi mutane, kuma yawancin jami'o'i ba sa duba takardarka sai ka gama kwas ɗin CITI ta intanet, mai koyar da ƙa'idojin kare mutanen da ake bincike a kansu. Hukumar ilimi ta birnin tana da nata kwamitin daban. Sai yardar shugaban makaranta, sai ɗaukar hoton yatsu. Abin yana cin watanni. Ana buɗe makarantu a Satumba, a rufe a Yuni, kuma daga Afrilu jarrabawa ta ɗauke hankalin malamai. Wanda ya fara nema a Janairu, da wuya ya zauna da ɗalibi kafin hutu.

Ɗalibin da bai kai shekara 18 ba, sai uba ko uwa sun sa hannu, shi ma a tambaye shi daban. In ya ce a'a, magana ta ƙare.

Wajen samun sa hannun iyaye ne aiki yake tsayawa. A unguwar Bronx, mahaifin da ya taso a Maraɗi zai fi gane takardar Faransanci, na zangon Kumasi ta Turanci, wata uwar kuwa sai an yi mata bayani baki da baki. Ka shirya fassarorin tun farko, don su ma sai kwamiti ya amince da su kafin ka raba.

Kada ka tambayi kowa takardun zama. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 a shari'ar Plyler da Doe, ba a hana yaro makarantar gwamnati don rashin takardu, amma fargabar iyaye tana nan. In yaro ya soma zancen da kansa, kashe rikoda.

Kada kuma ka yi alkawarin rufe kowane sirri. In ɗalibi ya ambaci cin zarafi a gida, dole a kai rahoto, saboda haka a rubuta wannan ƙarara a takardar izini.

Canza suna kaɗai ba ya ɓoye yaro. Jama'armu ba ta da yawa a can, ranar Juma'a za ka haɗu da mahaifinsa a masallaci. Ka sauya garinsu, da sana'ar uban, da yawan ƙannensa.